YADDA SUNAN GARI YA ZAMA SUNAN DANGI: LABARIN TAMBUWAL DA MAƘWABTANTA

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato ya nufi Jega, in ya lura da allunan da ke bakin hanya, sai ya ga kamar jerin sunayen manyan ƙasar nan yake karantawa. Zai wuce Boɗinga da Sifawa ya iso Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Daga nan sai Dogon Daji, sai Tambuwal, sai Aliero, kafin ya sauka Jega. Babu ɗaya daga cikin garuruwan nan da ba a ji sunansa ba a bayan sunan wani gwamna, ko ɗan majalisa, ko shaihin malami, ko babban ma'aikacin gwamnati.

Abin ya zama jiki har ba a cika tsayawa a tambayi mafarinsa ba. Ga shi kuwa shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce, babu mutumin da za a tambaya sunansa a ƙasar Sakkwato ya ce Tambuwal. Tambuwal gari ne, mutum kuwa yana da sunan da aka raɗa masa ran bakwai. To yaya aka yi sunan gari ya hau kan mutum, har 'ya'yansa da aka haifa a wani wuri dabam suka gaje shi? Amsar tana da amfani ga ɗan makaranta da ma'aikaci, domin a zamanin nan harafi guda a cikin suna yana iya tsai da albashi ko ya hana shiga jami'a.

KAFIN ZUWAN BOKO

A al'adar Hausawa da Fulani, sunan yanka shi ne suna. In ana son bambancewa sai a jingina mutum ga mahaifinsa, ko sana'arsa, ko sarautarsa, ko wata kama tasa. Shehu Usmanu da kansa da mahaifinsa aka san shi, watau Ɗan Fodiyo, kalmar Fodiyo kuwa da Fillanci tana nufin malami. Wannan ya dace da umurnin da ke cikin Suratul Ahzabi, aya ta 5, na a kira mutane da sunan ubanninsu.

Duk da haka, jingina mutum ga wuri tsohon abu ne. Hausa tana da hanyoyinta na yin haka: Bakano, Bakatsine, Bagobiri, Bakabe, Basakkwace. Akwai kuma "na" da "mai". An san ƙanen Shehu da Abdullahin Gwandu, an san Sarkin Musulmi Atiku na farko da Mai Katuru saboda a Katuru ya rasu, akwai Sarkin Musulmi Atiku na Raɓa, akwai kuma Umaru Nagwamatse wanda ya kafa Kwantagora, sunan da ya samo daga garin Gwamatse. Malaman da suka fita waje su ma sukan sa hannu a littattafansu da nisbar Larabci, kamar Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Amma a lura da abu guda. Galibin waɗannan laƙabobi ne na mutum shi kaɗai, tare da shi ake binne su. Ɗan Atiku na Raɓa ba ya zama na Raɓa sai in shi ma can ya zauna.

RAJISTAR MAKARANTA

Abin da ya sauya al'amarin shi ne alƙalamin malamin makaranta da na akawun En'e. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, sa'an nan makarantun Midil suka biyo baya a manyan garuruwan larduna. A makarantar allo ta ƙauye malam ya san kowane yaro da gidansu. A Midil kuwa an tattaro yara daga gundumomi masu nisa da juna, sai a tarar da Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a aji guda, wani lokaci har sunan mahaifansu ya zo ɗaya. Ga kuma alkunya, wadda ke sa yaro ya ji nauyin furta sunan mahaifinsa a bainar jama'a. Hanya mafi sauƙi ga mai kiran suna ita ce ya tambayi yaro daga ina ya fito, ya rubuta garin a gefen sunansa.

Ta haka ne Sardaunan Sakkwato ya yi karatunsa da sunan Ahmadu Raɓa, kafin daga baya a san shi da Ahmadu Bello. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Sa'adu Zungur, da Isa Kaita. Gidan Kagara ma ya isa misali, domin wa da ƙane ne suka fito da sunaye biyu: Malam Bello Kagara mai littafin Ganɗoki ya riƙe sunan gari, ƙanensa Alhaji Abubakar Imam kuwa ya shahara da laƙabin limancin gidansu.

Da yake takardar shaidar makaranta ita ce ke kai mutum aiki, sunan da ke kanta shi ke shiga fayil, daga fayil ya shiga takardar albashi, daga nan ya shiga gazet. Abin da malami ya rubuta don sauƙin kiran suna da safe sai ya zama sunan mutum a wurin hukuma har ƙarshen ransa.

Shaidar cewa tsarin makaranta da na ofis ne ya ƙarfafa wannan al'ada tana nan a ƙetaren iyaka. Hausawan Jamhuriyar Nijar harshe guda da addini guda suke da na Sakkwato da Katsina, amma da yake rajistar Faransawa suka bi, galibi sunan mutum da na mahaifinsa ake haɗawa, kamar Mahaman Usman da Mahamadu Isufu, waɗanda duk suka shugabanci ƙasar. Ba kasafai ake jin wani babba can yana amsa Maraɗi ko Tawa a matsayin sunan dangi ba.

GARIN DA YA BA DA SUNAN

Tambuwal tana kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da birnin Sakkwato. Ta ɗaukaka ne bayan jihadi, sa'ad da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami, mawaƙi, kuma jarumin yaƙi, ya zauna a cikinta yana tsaron wannan sashe na daula. Zuriyarsa ta yaɗu a yankin har Dogon Daji, inda aka haifi Alhaji Ibrahim Dasuƙi a 1923, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996, na farko daga gidan Buhari.

A nan akwai abin mamaki ga mai nazarin sunaye. Buhari asalinsa sunan gari ne, watau Buhara ta ƙasar Uzbekistan ta yanzu, inda aka haifi Imamu Buhari mai tattara hadisai a shekarar 810. Dasuƙi kuma daga Dasuƙ ne, wani gari a bakin kogin Nilu a Masar, mazaunin waliyyi Ibrahim Dasuƙi na ƙarni na 13. Haka Jelani, daga Jilan ta ƙasar Iran, mahaifar Shehu Abdulƙadir. Iyaye sun ɗauko waɗannan nisbobi ne don neman albarkar masu su, har suka zama sunaye na yau da kullum. Ke nan garin da ya ba dubban mutane sunansa, wanda ya ɗaukaka shi ma sunan wani gari mai nisan dubban kilomita yake amsawa.

Wanda ya fi kai sunan Tambuwal nesa a wannan zamani shi ne Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, wanda aka haifa a garin a 1966. An zaɓe shi wakilin mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai a 2003, ya zama Kakakin Majalisar daga 2011 zuwa 2015, ya yi Gwamnan Jihar Sakkwato daga 2015 zuwa 2023, sa'an nan aka zaɓe shi sanata a 2023. Sunansa ya tara dukkan hanyoyin nan uku: sunan yanka, da sarautar gida, da sunan gari.

DAGA FAKKU ZUWA IKKO

Domin a gane yadda irin wannan suna ke tafiya, sai a dubi Fakku, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kebbe a can kudancin jiha, yankin da ya yi iyaka da Jihar Kebbi da Jihar Zamfara. A ce ga yaro a Fakku mai suna Umaru. A cikin gari ba wanda zai kira shi da Fakku, tun da kowa ɗan Fakku ne, sai dai a ce Umaru na gidan wane. Ran da ya tafi makarantar sakandare a Kebbe ko Tambuwal, nan ne sunan ƙauyensu zai fara yi masa amfani. In ya wuce Sakkwato, inda ba kowa ya san Fakku ba, yana iya ganin ya fi masa sauƙi ya ce Kebbe. In aiki ya kai shi Kaduna ko Ikko, sai ya ga an fi gane Tambuwal, ko ma Sakkwato ɗungurungum.

Ma'ana, iya nisan da mutum ya yi da gida, iya girman garin da yake jingina kansa gare shi. Saboda haka manyan garuruwa ke haɗiye sunan ƙanana. Kebbe ba ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta ba sai a shekarun 1990, kuma har yanzu ita da Tambuwal kujera guda suke da ita a Majalisar Wakilai. Ga wata wahalar kuma: Kebbe da Kebbi harafi guda ya raba su a rubuce, alhali ɗaya ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, ɗaya kuwa jiha ce da aka ƙirƙiro a 1991. Akawun da bai san yankin ba yana iya ɗauka kuskure ne ya gyara, ya mai da mutum ɗan wata jiha da bugun maɓalli guda.

YAWANSA DA YAƊUWARSA

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutane kimanin 225,000, Kebbe kuwa kimanin 125,000. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ikon ya ɗauki sunan garinsu, amma masu yin haka a kan takarda galibi waɗanda karatu ko aiki ko fatauci ya fitar ne. Shi ya sa aka fi cin karo da sunan a jerin ma'aikatan sakatariya da na ɗaliban jami'a fiye da yadda ake jinsa a kasuwar garin.

Jerin gwamnoni ma'auni ne mai sauƙi na ƙarfin al'adar a wannan jiha. Tun da aka komo mulkin farar hula a 1999, mutum huɗu aka zaɓa su mulki Jihar Sakkwato, dukkansu kuwa da sunan gari aka san su: Attahiru Bafarawa daga 1999, Aliyu Magatakarda Wamakko daga 2007, Aminu Waziri Tambuwal daga 2015, da Ahmad Aliyu Sakkwato daga 2023. A Kebbi an yi Adamu Aliero da Sa'idu Dakingari, a Kano an yi Abubakar Rimi da Rabi'u Kwankwaso da Abdullahi Ganduje, a Katsina kuwa sunan unguwa ne, 'Yar'aduwa, ya kai har fadar shugaban ƙasa a 2007.

Mataki na ƙarshe shi ne gado. Gummi maƙwabciyar Kebbe ce ta gabas, can aka haifi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya rasu a 1992. 'Ya'yansa da suka tashi a Kano da Kaduna sun ci gaba da amsa sunan. Daga wannan mataki sunan ya daina faɗin inda aka haifi mutum, ya koma faɗin gidan da ya fito.

A ƙasashen waje kuwa sunan yakan ƙara faɗi. Alhaji Umaru, malamin nan da aka haifa a Kano ya zauna Salga, ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934, an jingina shi ga Kabi ta kakanninsa, da Kano, da Salga. A Sudan akwai garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya tafi da sunan Wurno har bakin Nilu. A ƙasar Makka jikokin alhazan da suka zauna can sun zama Hausawi da Fallata da Barnawi, har wani Usama Hausawi ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. A irin wannan nisa, sunan ƙabila gaba ɗaya shi ya tsaya a madadin sunan gari.

DARASI DAGA SIKOTLAN

Ba Hausawa kaɗai suka bi wannan hanya ba. Mutanen Sikotlan, a arewacin tsibirin Birtaniya, sun riga su da ƙarnoni, kuma ƙasar nan ta daɗe da sanin sunayensu. Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya komo ya rasu a nan a 1827, mutumin Sikotlan ne, ko da yake a tafiyarsa da Abdullahi ake kiransa. Haka Gwamna John Macpherson, wanda tsarin mulkin 1951 ke ɗauke da sunansa, da James Robertson, Gwamna Janar na ƙarshe daga cikin Turawa.

A tsohon harshen mutanen tsaunukan ƙasar, Mac daidai yake da Ɗan. Macpherson yana nufin ɗan limamin coci, kusan ma'ana guda da Ɗan Fodiyo ko Ɗan Liman. MacDonald ɗan Donald ne. Campbell laƙabi ne na kama, watau mai karkataccen baki, Cameron kuma mai karkataccen hanci. Smith, sunan da ya fi kowane yawa a rajistar ƙasar, maƙeri ke nan. Akwai kuma na wurare, irin su Murray daga lardin Moray, da Gordon daga wani ƙauye a kudancin ƙasar, da Bruce daga wani gari a Faransa. Manyan masu ƙasa ne suka fara gadon suna tun ƙarni na 12, talakawa suka biyo baya sannu a hankali, har rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati, wadda aka fara a 1855, ta taimaka wajen daidaita rubutun sunayen.

Abu biyu ne abin lura a tarihinsu. Na farko, suna guda ba ya nufin jini guda. Manoman da ke zaune a ƙasar wani shugaban dangi sukan ɗauki sunansa don neman kariya, har ana ba da labarin waɗanda suka zama Gordon saboda mudun gari da aka ba su. Na biyu, suna abu ne da hukuma ke iya taɓawa: a 1603 Sarki James ya haramta sunan MacGregor baki ɗaya, masu shi suka fake da wasu sunaye, ba a ɗage hanin ɗungurungum ba sai 1774. Da aka kori manoma daga tsaunuka a ƙarni na 18 da na 19 don a yi kiwon tumaki, sai sunayen suka bi jiragen ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya. Firayim Ministan Kanada na farko, a 1867, John Macdonald ne, haifaffen birnin Gilasgo. Ƙauyuka da dama sun zama kufai, amma sunayensu na nan a bakin jikoki.

Wannan na ƙarshe ya kamata ya taɓa zuciyar mai karatu, ganin yadda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka masu yawa a Zamfara da gabashin Sakkwato a shekarun baya-bayan nan. Yaron da aka haifa a gudun hijira, sunan ƙauyen da ke bayan sunansa yana iya zama shi ne abin da ya rage masa na gida.

INDA GIZO KE SAƘA

Takardun cikewa na zamani an tsara su ne a kan al'adar Turawa, suna neman sunan dangi guda wanda ba ya sauyawa. Bahaushe kuwa yana da uku da zai zaɓa: na mahaifi, na kaka, da na gari. Sai ka ga 'ya'yan mutum guda kowa da nasa, ko kuma mutum guda ya sa sunan mahaifi a takardar firamare, ya sa na gari a ta sakandare, ya taƙaita shi zuwa harafi guda a ta banki. Ga bambancin rubutu: Tambuwal da Tambawal, Gumi da Gummi, Dogon Daji a rabe da Dogondaji a haɗe.

Da can akawu mutum ne, ya san mai fayil, yakan kau da kai. Yanzu kwamfuta ke gwada takarda da takarda. An fito da lambar tantance masu ajiya a banki a 2014, a ƙarshen 2020 aka umurci a haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, daga 2021 kuma hukumar jarrabawar shiga jami'a ta wajabta wannan lamba ga masu neman rajista. In sunaye suka saɓa, gyaran yakan kai mutum ga rantsuwa a kotu da buga sanarwa a jarida da zirga-zirga tsakanin ofisoshi, wanda ya fi shan wuya kuwa shi ne tsohon ma'aikaci mai jiran fansho.

Har wa yau, sunan gari ba ya zama hujjar asali a wurin hukuma. Tun da tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, takardar shaidar ƙaramar hukuma ita ake nema wajen ɗaukar aiki da ba da gurbin karatu. Mai amsa Tambuwal yana iya kasancewa ɗan Kebbe, mai amsa Sakkwato yana iya kasancewa jiharsa ta koma Zamfara tun 1996.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata magidanci ya tsai da shawara a kan sunan da 'ya'yansa za su ɗauka tun ran da za a yi musu takardar haihuwa, ya kuma tabbata da shi aka rubuta su a firamare, harafi da harafi. Hedimastoci su daina sa wa yaro suna don sauƙin kansu ba tare da sanin iyayensa ba. Ɗalibi ya duba sunansa da kyau kafin ya sa hannu a takardar jarrabawa, ma'aikaci kuma ya gwada abin da ke fayil ɗinsa da na banki tun yana bakin aiki. Masu buga sunaye a ofisoshi su riƙa tambaya kafin su gyara abin da ba su sani ba.

Wanda ya fito daga ƙaramin wuri irin Fakku, ko Kuci, ko Margai, ko Sanyinna, ba shi da dalilin jin kunyar sunan garinsu. Shagari ma ƙauye ce a bakin hanya kafin ɗanta ya kai sunanta fadar shugabannin duniya. Hausawa sun ce suna linzami ne, wanda ya riƙe nasa da kyau kuwa ya sauƙaƙa wa kansa da jikokinsa.